Safar Tace Ruwa a Tankin Murjani: Aikinta da Wankinta

 

Yau shirin zai leƙa wata harka da ba ta yawaita a wajenmu ba tukuna, ko da yake tana da ɗimbin mabiya a Turai da Amurka da Asiya da ƙasashen Larabawa, wato kiwon kifin teku da murjani mai rai a cikin tankin gilashi. A harkar ma ba duka za mu kwaso ba. Abu guda za mu riƙe: wata 'yar jakar yadi da ake ratayawa a bakin bututu don ta tace ruwan tankin. Masu harkar safa suke ce mata, saboda doguwa ce mai baki ɗaya. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da sauran kayan tankin, amma ita aka fi yi wa sakaci, sakacin nan kuwa yakan ci dukiya mai yawa.

Bari mu fara da murjanin kansa. Jan murjanin da iyayenmu mata ke ado da shi a wuya da hannu, asalinsa daga Bahar Rum ne, fatake ke ƙetaro Sahara da shi. Wanda muke magana a kai ɗan'uwansa ne, mai gina tuddai a ƙarƙashin tekuna masu ɗumi. Alhazan da, waɗanda suka bi ta ƙasa suka shiga jirgin ruwa a Sawakin ta Sudan, sun ratsa garin da aka gina da dutsen murjani, suka sauka a Jidda, inda tsofaffin gidajen cikin gari su ma da shi aka gina su. 'Yan'uwanmu Hausawan Fot Sudan kuwa maƙwabtan Sanganeb ne, tudun murjanin Bahar Maliya da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016.

A ido murjani dutse ne, ko kuma tsiro mai rassa. A haƙiƙa ƙananan dabbobi ne masu taushin jiki, dubbai a haɗe, zaune a kan gidan alli da suke ginawa da kansu. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka mai ƙanƙanta ƙwarai, wadda ke haɗa abinci da hasken rana tana ba su kaso mafi tsoka. Shi ya sa murjani ke son ruwa garau wanda haske ke ratsawa, kuma wanda ba shi da yawan taki. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a wurinsu suke samun mafaka.

To, wanda ya ɗauko wannan halitta ya sa a falonsa ya ɗauki nauyin yi mata teku. Gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 da 26, haske mai ƙarfi, ruwa na motsi dare da rana. Sai dai akwai abin da teku ke yi wanda gilashi ba ya iyawa. A teku igiyar ruwa ce ke kwashe kashin kifi da ragowar abinci ta yi nisa da su. A tankin lita 200 ko 300 kuwa, abin da ya faɗa ciki yana nan, sai in hannu ya fitar da shi.

Yawancin irin waɗannan tankuna hawa biyu ne. Akwai na sama wanda baƙo ke kallo, akwai na ƙasa da ke ɓoye cikin kabad. Ruwa yakan tumbatsa daga na sama, ya gangaro ta bututu zuwa na ƙasa, ya bi ta na'urori, sannan famfo ya mayar da shi sama. Safa tana rataye daidai bakin bututun nan, ita ce ta farko da ruwan ke tararwa. Bakinta zobe ne na roba, galibi mai faɗin inci 4 ko inci 7, wanda ke zama daram a cikin mariƙi.

Iri biyu aka fi samu. Akwai ta yadi mai kauri mai gashi-gashi, wanda ake yi da zaren foliyesta ko makamancinsa, akwai kuma ta raga ta zaren nailan. Ana auna ƙanƙantar ƙofofinsu da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin ɗan Adam yakan kai kaurin maikiron 70 ko kusa da haka. Safar da aka fi saye ita ce mai maikiron 200 da mai 100. Idan lambar ta yi ƙasa, tatar ta fi kyau, toshewar kuma ta fi sauri. Mai kaurin tana kama har da ƙura mai laushi, ruwa ya fito tas, amma wankinta sai an dage. Ta ragar a bakin famfo ma ana iya wanke ta, tana kuma daɗewa, sai dai ƙananan abubuwa suna wuce ta. Bayan tata, safa tana rage ƙarar zubar ruwa, tana kashe ƙananan kumfa kafin su kai ga famfo, tana kuma kare famfon daga yashi da tarkace.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku sosai, domin nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe.

Dattin da safa ta kama bai fita daga tankin ba. Tara shi kawai ta yi wuri guda. Yana nan jiƙe, kuma duk ruwan tankin yana bi ta kansa sau da yawa a kowace awa. Uwargida da ke tace gasara ta san wannan. Ƙyallen tata yana raba dusa da kamu, amma idan aka bar ƙyallen da dusarsa tsome cikin ruwan har kwana uku a lokacin zafi, abin da aka tace da wanda ba a tace ba duk tsami za su yi.

Abin da ke faruwa a cikin safar da aka manta da ita shi ne, ƙwayoyin bakteriya suna samun abin da suke so duka a wuri ɗaya: abinci, ɗumi, da ruwa mai iska yana wucewa ba tsayawa. Sai su hau ruɓar da dattin. Daga nan amoniya ke fita, wasu ƙwayoyin su mai da ita naitirait, wasu kuma su mai da shi naitiret. Fosfet ma yana narkewa ya bi ruwa. Manoma sun san waɗannan biyun, domin naitirojin da fosfaras da ke cikinsu su ne haruffa biyu na farko a jikin buhun takin NPK. A gona alheri ne. A tankin murjani kuwa, idan sun yi yawa, gansakuka ce ke cin moriyarsu. Sai ka ga koren gashi ya rufe duwatsu, gilashi yana yin dusu-dusu kwana ɗaya bayan an goge shi, murjani mai launi ya koma ruwan ƙasa. Yawan fosfet yana kuma rage wa murjani ƙarfin gina gidansa na alli. Da zarar datti ya narke, ya fi ƙarfin safa, ko mai maikiron nawa ce, domin ita abu mai jiki kawai take kamawa.

Saboda haka ranar da aka cire safa, ranar ce aka yi tatar. Masu harkar da suka ƙware sukan sauya ta bayan kwana biyu ko uku. Tankin da kifi ya yi yawa, ko ake ciyarwa da hannu sake, yana iya buƙatar sauyi kullum. Ni dai a ganina, wanda ya san ba zai iya riƙe wannan ƙa'ida ba, gara ya cire mariƙin gaba ɗaya ya bar ruwa ya wuce. Tankin da ba shi da safa ya fi lafiya a kan wanda safarsa ke yin mako biyu a rataye.

Safar ma tana nuna lokacinta, in an duba. Ranar farko fara ce sol, ruwan cikinta da na wajenta kusan tsayinsu ɗaya. Kashegari gindinta ya fara yin ruwan ƙasa. Daga nan launin yana hawa sama, ruwan cikin safar shi ma yana hawa, saboda ƙofofin ƙasa sun toshe, yana neman na sama. Idan ka buɗe kabad ka ga ruwa ya kai wuyan safa, ko yana malala ta saman zoben, ka makara. A lokacin ruwa ba ya bi ta yadin sam, tsallake shi yake yi, yana ma ɗebo wani dattin yana tafiya da shi. Idan mariƙin na kusa da bango, feshin yakan fita waje, gishiri ya bushe a jikin katako da wayoyin lantarki. Ruwan gishiri da soket kuwa ba sa ga maciji.

Wajen cirewa a bi a hankali. A riƙe roba ko ƙaramin bokiti a hannu ɗaya, a ɗago safar da ɗayan, a sa robar a ƙarƙashinta nan take. Kada a matse ta a kan tankin, kada a girgiza, domin baƙin ruwan da ke ɗiga shi ne ainihin abin da ake son fitarwa. A saka wankakkiya a gurbinta, a tabbatar bututun ya shiga cikinta sosai.

Kafin a jefa ta cikin wanki, a leƙa cikinta da tocila. Wanda bai taɓa yi ba zai sha mamaki. Za ka ga wasu 'yan fararen halittu kamar ɗigon gari suna tsalle-tsalle a jikin yadin, da wasu masu lanƙwasasshen baya, dangin jatan lande, suna gudu a kan gefensu. Wani lokaci ƙaramin dodon koɗi, wani lokaci ma ɗan kifin da ruwa ya ja ta bututu yana kwance a gindin safar yana numfashi. Waɗannan ƙananan halittu dukiya ce a tanki. Suna cin datti, kifi kuma yana cin su. Akwai kifin da ake kira mandarin, mai zanen shuɗi da ruwan lemo, wanda kusan da su kaɗai yake rayuwa, yini yake yana tsintar su a kan duwatsu. Mai irin wannan kifi ya juya safar a cikin roba mai ruwan tankin, ya bar datti ya kwanta, ya tsame masu rai ya mayar. Aikin minti biyar ne.

A sa safar hannu ta roba wajen wannan aiki. Akwai tsutsar teku mai ƙayoyi masu laushi da ke maƙalewa a yatsa su yi ta ƙaiƙayi. Wanda kuma yake da ciwo ko yanka a hannu ya kiyaye ƙwarai, domin ruwan tankin kifi yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu shiga ta rauni su haifar da ƙurjin da ba ya saurin warkewa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu sai wanki. Doka ta farko, kuma ba ta da sassauci: babu sabulu, babu omo, babu ruwan ƙamshin da ake zubawa don tausasa tufafi. Yadi mai kauri yana riƙe sabulu a cikin zarensa ko an ɗauraye shi sau nawa, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin tanki. Sabulu yana lahanta fatar da kifi ke numfashi da ita, murjani kuma ya fi kifi rauni. Alamar farko takan bayyana a na'urar kumfa, wadda ke fitar da datti ta hanyar kumfa: sai ta haukace ta yi ta ambaliya ba dalili. Sabuwar safa ma takan jawo haka, saboda ragowar sinadaran masana'anta, don haka ita ma a ɗauraye ta kafin a rataya.

A fara da juya safar baibai, domin dattin a ciki yake. A sa ta a bakin famfo mai ƙarfi ko tiyo, a kore abin da zai koru. Wanda ke wanki da hannu ya ware bokiti guda na wannan aiki kaɗai, ya yi masa alama, ya kuma sanar da mutanen gida cewa ba na wanke-wanke ba ne. Wanda ke da injin wanki ya fara kunna shi ba kaya, da ruwa zalla, don ya kore ragowar omon wankin jiya, ya kuma duba aljihun da ake zuba omon, domin nan yake daskarewa. Sannan a zuba safunan su kaɗai, a ƙara musu ɗauraya ɗaya ko biyu a ƙarshe.

Ruwa zalla yana fitar da datti mai yawa, amma ba ya buɗe ƙofofin yadin duka. Shi ya sa da yawa ke amfani da bilic. Wani zai ce, yaya za a hana sabulu a halatta bilic, alhali ya fi shi dafi? Dalilin shi ne kulorin da ke cikin bilic yana tashi idan yadi ya bushe sarai, akwai kuma maganin da ke kashe shi nan take, shi kuwa sabulu zama yake yi. Sharaɗin dai bilic ɗin ya zama tsantsa, wanda ba a sa masa turare ko sabulu ko abin kauri ba. A karanta jikin robar kafin a saya. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi ɗaya na bilic cikin kashi 20 na ruwa, a jiƙa na 'yan awanni har yadin ya koma fari. Daga nan a yi ta ɗauraya. A jiƙa kuma cikin ruwan da aka ɗiga wa maganin kashe kulorin, irin wanda masu sayar da kayan kifi ke ajiyewa. Sannan a shanya har ta bushe ƙayau. Gwajin ƙarshe hanci ne: a kai safar hanci a shaƙa, in akwai ko ɗan ƙaurin bilic, ba ta shirya ba.

Ina roƙonku da babbar murya, kada a haɗa bilic da ruwan khal, ko ruwan wanke masai, ko wani abu mai amoniya. Haɗin yana fitar da iska mai guba wadda ke ƙona huhu. A yi aikin a fili ko kusa da taga, a kuma ɗauke bokitin daga inda yara ke kaiwa. Wanda ba ya son bilic sam yana iya jiƙawa da haidirojin ferokzaid na kantin magani, wanda ke rikiɗa ya koma ruwa da iskar oksijin, ko da yake ya fi tsada.

Wajen shanya, rana tana taimakawa. Amma mai shanya a lokacin hunturu ya sani ƙura za ta cika yadin kafin ya bushe, don haka gara cikin ɗaki mai iska. A nisanta ta da hayaƙin girki, da turaren wuta, musamman kuma da maganin sauro na feshi, wanda kaɗan daga cikinsa ke kashe jatan lande da danginsa.

Duk wannan ba zai yiwu da safa ɗaya ko biyu ba. Wanda ke da biyu, ranar da ya gaji ko ya yi tafiya tsarin ya rushe. A sayi shida, ko takwas, ko goma. Wadda aka cire a ɗauraye ta sama-sama a jefa cikin bokiti mai murfi, idan sun taru a wanke su rana ɗaya. Sauyin kansa sai ya zama aikin minti ɗaya, abin da ke da sauƙi kuwa shi ake dawwama a kai. Yadin kuma yana tsufa. Idan ka ga wankakkiyar safa ta toshe cikin yini ɗaya, gashinta ya dunƙule ya yi tauri, ta gama aiki, a jefar. Tela yana iya ɗinka sababbi idan an samo farin yadin foliyesta wanda ba a rina ba, ba a kuma sa masa maganin hana kama wuta ko hana fumfuna ba.

Akwai lokutan da safa ta fi amfani fiye da kullum. Ranar da za a motsa yashin ƙasan tanki, ko a hura duwatsu don dattin da ya maƙale ya tashi, a rataya mai ƙananan ƙofofi, a bar ta ta kama ƙurar na 'yan awanni, a cire ta a ranar. Wasu ma iyakar amfaninsu da safa ke nan, kuma tankunansu lafiya lau. Akwai kuma lokacin da take cutarwa: idan an zuba wa murjani abincinsa mai laushi, safa za ta kwashe shi kafin ya ci. A kashe famfon da ke mayar da ruwa na ɗan lokaci, ko a cire safar har a gama.

Kada kuma tsabta ta wuce gona da iri. Tun a shekarun 1970, lokacin da masu sha'awar harkar a birnin Balin na Jamus suka nuna cewa duwatsu masu rai, wato masu ɗauke da ƙananan halittu, da na'urar kumfa da haske mai ƙarfi suna iya riƙe murjani, hankalin mutane ya karkata ga rage taki iya iyawa. Daga baya aka gane cewa idan naitiret da fosfet suka faɗi har abin gwaji ya daina ganinsu, murjani yakan koɗe don yunwa, wata irin gansakuka mai yauƙi da guba kuma takan samu fili ta mamaye yashi. Yau da yawa suna barin naitiret tsakanin 1 da 10 cikin miliyan, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1. Abin gwaji ne zai gaya maka inda kake. Idan lambobin na hawa, a ƙara yawan sauyi. Idan sun kusa sifiri, a koma safar raga, ko a huta da ita na wasu kwanaki.

A 'yan shekarun nan an fito da na'urar da ke ɗauke wannan wahala. Naɗin yadi ne dogo, ruwa na bi ta wani sashe nasa. Idan sashen ya toshe ruwa ya hau, sai wani ma'auni ya ji, ƙaramin inji ya juya, ya ɗaga dattin sama daga cikin ruwa ya kawo sabon yadi. Dabarar ta yi, domin dattin yana barin ruwa tun bai ruɓe ba. Amma tana da tsada, tana son wuta ba yankewa, naɗin kuma sai an yi ta sayensa. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya sa audugar roba ta tace ruwa a cikin kofi mai huji, ya jefar da ita bayan kwana biyu, ba wanki.

Maganar wuta ta tuna mini da abu na ƙarshe, wanda ya shafi duk mai irin wannan tanki a inda ake yawan ɗauke ta. Idan famfo ya tsaya, safa mai datti tana zaune cikin ruwan da ba ya motsi, ƙwayoyin cikinta suna shanye iskar da ke wurin. In wutar ta daɗe ba ta dawo ba, ruwan tankin ƙasa yakan fara wari. Saboda haka kafin famfo ya tashi, a fara cire tsohuwar safar, a shinshina ruwan tankin ƙasa, in ya canza a kwashe shi a zuba sabon haɗi, sannan a bar shi ya hau wurin kifi da murjani.